Gwaggo Mai Ganye Ta Ajiye Wuƙa

Kafin a buɗe ƙofar gaba ta gidan gashin, kafin Dogo mai gashi ya zuba gawayi, akwai wata 'yar ƙofar baya da ake turawa a hankali. Shekara ashirin da bakwai ke nan, hannu ɗaya ne ke tura ta. Matar za ta shigo da sallama ko da babu mai amsawa, ta rataye mayafinta a ƙusa, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta zagaya bayan kicin inda tsofaffin bokitai suke jere a jikin katanga, kowanne da abin da aka shuka a cikinsa. Na'ana'a a nan, ɗoɗɗoya a can, lansir a inuwa, lawashi a wani tsohon baho da ya huje. A wannan lokacin raɓa ba ta gama ɗagawa ba, titi ma bai farka sosai ba. Ba ta tsinka nan take. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta murza ganye a tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta lumshe ido. Wanda bai san ta ba zai ɗauka gaisawa suke yi.

Ita ce Gwaggo Mai Ganye. Yawancinmu da muke cika kujerun gidan ba mu taɓa ganin fuskarta ba. Dogo muka sani, domin shi ne ke tsaye a cikin hayaƙi yana juya kifi da nama yana cika baki, shi muke ɗaga wa hannu idan mun shigo. Amma ɗan ƙaramin kwanon nan da ake ajiyewa a gefen faranti, mai ɗauke da ɗanyar miya koriya shar wadda ba ta taɓa ganin wuta ba, wadda kowa yake kira "koren nan" don babu wanda ya san mata wani suna, aikin Gwaggo ne. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Kunya ce a ce ta tafi ba a faɗi ko wace ce ita ba.

Aikin nata a ido ba wani abu ba ne. Ta wanke ganye, ta shanya a kan farin ƙyalle har ya tsane, domin a cewarta jiƙaƙƙen ganye ba ya shiri da mai. Ta danne tafarnuwa da gishiri da gefen wuƙa har su zama abu ɗaya. Sai yanka. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan kicin da hantsi ya san sautin nan, ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan katako, ba sauri ba jinkiri, irin wanda ke sa mutum gyangyaɗi a tsaye. Ta tara ganyen a babban kwano da ɗan attaruhu, ta kwarara man zaitun ya lulluɓe shi. Lemun tsami ne ƙarshe, kuma ba ta matsa shi sai Dogo ya ɗaga murya cewa kifin farko ya sauka, saboda idan tsami ya daɗe a kan ganye, koren zai dushe.

Manajan gidan ya taɓa sayo mata injin markaɗe, ya kawo shi da kwalinsa yana murna. Ta kunna sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta kashe.

"Ɗana, Allah ya yi albarka," in ji ta. "Amma wannan abin ba yanka yake yi ba, duka yake yi. Ganyen da aka daka ai fushi yake yi."

Har yanzu injin yana nan a kan kanta, cokula ake zubawa a ciki.

Ba ta da mudu, ba ta da cokalin awo. Abin da take da shi tambaya ce ɗaya da take yi wa Dogo kowace safiya: "Yau me aka kawo maka?" Idan kifi ne mai kitse, lemu zai ƙaru. Idan naman rago ne, na'ana'a ce za ta shige gaba. Idan an kwana ana ruwa, ganye ya sha ya ƙoshi, ƙamshinsa ya yi sanyi, sai ta ƙara yawansa ta rage mai. Shi ya sa koren Litinin ba ya zama na Talata, amma duk wanda ya ɗanɗana ya san daga hannu ɗaya suka fito. Dogo yakan yi mata tsiya cewa ita ce ma'aikaciya ɗaya tak da ake biya don ta shinshina ciyawa. Ita kuwa takan ce da shi, ba tare da ta ɗago kai ba, "Kai ma ai ƙona abu kawai kake yi, ni nake rufa maka asiri."

Masu kai abinci ne suka fi kowa sanin halinta. Ɗaya daga cikinsu ta ba da labarin wani dattijo da likita ya hana shi gishiri. Sau ɗaya aka faɗa wa Gwaggo. Daga ranar har shekara shida, duk ranar da ya zo, akwai kwanonsa daban a rufe, an ƙara masa lemu da ɗoɗɗoya don kada bakinsa ya gane an rage masa wani abu. Shi bai taɓa sanin an ware masa ba. Wata kuma ta tuna wata mai ciki da ta tura farantinta gefe tana toshe hanci. Gwaggo ta leƙo ta tagar kicin, ta koma, can sai ga wani kwanon babu tafarnuwa ko kaɗan. Matar ta cinye kifin tas, ta zauna tana share hawaye, ta ce kwana tara rabon da abinci ya zauna mata.

Gwaggo, ke ce wadda ke ciyar da mutanen da ba su san sunanki ba. Ke ce mai tuna bakin kowa, alhali babu mai tuna fuskarki. Mun yi shekaru muna cewa "a ƙaro koren nan" kamar daga famfo yake zubowa, ba mu taɓa tambayar wa ya tashi da sassafe dominsa ba.

A daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ita mako biyu. Ta warke, ta dawo, ta zagaya wurin bokitanta, ta murza na'ana'a ta kai hanci. Babu komai. Ta murza ɗoɗɗoya. Babu komai. Ta ɓare tafarnuwa ta manna a hanci har idonta ya kawo ruwa, amma ƙamshi bai zo ba. Harshenta ma ya bi sahu, gishiri da tsami kawai yake ganewa, su ma daga nesa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, domin duk abin da ta sani a duniya ta hanci ya shigo mata. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce wa ranta mura ce, za ta wuce. Ta ci gaba da murza ganye tana lumshe ido kamar kullum, hannunta yana yin abin da ya saba, ita kuma tana addu'a a zuci. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne a mafarki tana jin komai. Takan ga kanta a cikin wani lambu mai faɗi bayan an ɗauke ruwa, ƙamshin ɗoɗɗoya har yana maƙale mata a wuya, sai ta farka ta tarar iska ba ta ɗauke da komai.

Mako shida hannu ya rufa mata asiri. Ranar da asirin ya tonu, an buɗe sabon galan na mai wanda ya daɗe a shago, ya fara warin tsohuwar gyaɗa. A ido lafiya lau yake. Gwaggo ta kai shi hanci yadda ta saba, ta gyaɗa kai, ta kwarara. Dogo ya lakata da kifin farko, ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya ce a ransa wataƙila sabon salo ne, Gwaggo ta fi shi sani. Masu kai abinci su ma sun ji, suka kalli juna, suka ɗauka suka fita da shi. Wa zai ce wa Gwaggo mai ya lalace? Girman da suke ba ta ne ya cuce ta a ranar.

Da azahar ta ja kujera kusa da wurin wanke-wanke, inda Uwar Biyu, matar da ta shekara goma sha ɗaya tana wanke kwanukan gidan, take sunkuye a kan baho. Ƙananan kwanukan koren suna dawowa. A kullum a lashe suke dawowa, har ba sa bukatar soso. Ranar kuwa a cike suke dawowa, ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta ƙirga har goma sha huɗu, sannan ta daina.

"Uwar Biyu."

"Na'am, Gwaggo."

"Don Allah ki gaya min gaskiya. Me ke cikin miyar nan?"

Matar ta tsame hannu daga kumfa, ta goge a zani, ta kasa ɗago ido. "Man ne, Gwaggo. Tun da aka buɗe galan ɗin na ji shi daga nan."

"Daga nan? Kina wurin baho?"

"Eh. Na so in yi magana, sai na ce ni wace ce."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta faɗi abin da ta ɓoye mako shida, a gaban Dogo, a gaban masu kai abinci: "Ni ban ji ba. Tun da na tashi daga ciwon nan ba na jin komai. Ku yafe min, na sa kun kai wa mutane abin da ban san mene ne ba."

Dogo, mai bakin nan da ba ya mutuwa, ya juya ya koma wurin wutarsa, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Manaja ya kawo shawarar a rubuta komai a takarda, cokali kaza na wannan, cokali kaza na wancan, a manna a bango. Gwaggo ta ce takarda ba ta san an yi ruwa jiya ba. Abin da ta roƙa shi ne a ba ta aron Uwar Biyu da safe. Haka aka yi. Wata takwas suna zagaya bokitan tare, tsohuwa tana murzawa, ta miƙa yatsunta ga hancin ƙaramar.

"Me kika ji?"

"Ƙamshi, Gwaggo."

"Ai na san ba wari ba ne. Wane iri? Ya taso ya tare ki, ko sai da kika bi shi?"

"Sai da na bi shi."

"To yau ganye ya yi lalaci. Ƙara tsinkowa."

Da haka abin da bai taɓa samun kalmomi ba ya samu. Gwaggo ta zauna ta kwance shekara ashirin da bakwai zare-zare, ta miƙa wa matar da a da ba a ko tambayar ra'ayinta a kicin. Ba ta rage komai don a ci gaba da bukatarta ba. Mu da ke waje ba mu san an yi wannan duka ba. Mun dai san akwai wata rana guda da koren bai yi daɗi ba, washegari ya dawo.

Ranar ƙarshe, Uwar Biyu ce ta yi komai ita kaɗai. Aka shigo da Gwaggo ta ƙofar gaba, aka zaunar da ita a teburin da ke kusa da taga, karo na farko a rayuwarta. Ta yi ta kallon fankar sama da mutanen da ke shigowa, tana mamakin ashe haka wurin yake da haske. Dogo da kansa ya kawo mata kifi. Uwar Biyu ta biyo shi da ɗan kwano a hannu biyu, ta ajiye, ta tsaya tana murza gefen zaninta. Gwaggo ta gutsuri kifi, ta dangwala, ta tauna a hankali.

"Ya yi, Gwaggo?"

Kowa ya san abu ne mai sauƙi ta ce ya yi. Da ta faɗa, da an tafa, an tashi.

"'Yata, ni ban sani ba," in ji ta. Ta tura kwanon gabanta. "Ke za ki gaya min."

Uwar Biyu ta lakata, ta rufe ido.

"Lemun ya so ya yi kaɗan," ta ce. "Kifin yau yana da kitse. Bari in ƙaro."

Ta ɗauki kwanon ta juya kicin ba tare da ta jira izinin kowa ba. Gwaggo ta bi bayanta da kallo, ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, ta ce wa Dogo, "To, yanzu zan iya tafiya gida."

Gwaggo Mai Ganye, mun gode. Mun gode da safiyoyin da ba mu gani ba, mun kuma fi gode miki da ranar da kika buɗe baki kika ce ba ki ji ba, alhali kina iya yin shiru ki ɗora wa mai shago laifi. Allah ya ba ki lafiya, ya mayar miki da ƙamshin da kika yi shekaru kina raba wa mutane. Mu kuma da muka rage, duk mai wata sana'a a hannu ya waiwaya ya ga wanda ke sunkuye kusa da shi, ya kira shi tun da sauran ƙarfi, ya koya masa har ya iya gyara ba tare da ya tambaya ba. In kuma ka je cin gashi aka ajiye maka ɗan kwano a gefe, ka tambayi wanda ya yi, ka aika masa da gaisuwa.