Rabon Sun-deok da Rana

Yeom Sun-deok 'yar manoman tafarnuwa ce daga karkarar Uiseong, kuma tun tana yarinya ta tsani rana. Ita ta ƙona mata ƙeya a gona, ita ta sa da ta shigo birnin Daegu neman aiki 'yan matan masaƙa suka riƙa kiranta gawayi. Ta haɗiye sunan, amma bai taɓa wuce mata ba. Da ta iya keken ɗinki ta samu rumfa a kasuwar ƙarƙashin ƙasa, sai ta ji kamar an naɗa ta sarauta. Can ƙasa ba zafi ba sanyi, sai fararen fitilu daga buɗewa har tashi. Tana rage ƙafar wando, tana sauya zif, fatarta tana washewa har mata na tambayarta man da take shafawa.

Mijinta, Bang Deok-man, gadin motoci yake yi a ƙasan wani dogon bene. Ɗakin da suke haya ma rabinsa a cikin ƙasa yake, takalman masu wucewa kawai ake gani ta tagarsa. Shi mutum ne mai barkwanci.

"Maman Gi-tae," yakan ce, "mu fa in mun mutu ba sai kowa ya wahala ba. A ja mana ƙofa kawai, ai mun riga mun sauka."

"Rufa mana baki, tsohon banza. Ci shinkafarka kafin ta huce."

A wannan ɗakin suka raini ɗansu ɗaya tilo, Gi-tae, har ya yi jami'a a Seoul, ya samu aiki, ya yi aure a can. Da girma ya fara kama Sun-deok, ƙasusuwanta suka dame ta da ciwo, hawa matakala ya zama aiki. Ta ɗora laifin a kan keke, ta riƙa manna filasta a ƙugu.

Sai korona ta faɗo wa Daegu a ƙarshen hunturu. Aka rufe kasuwa. Deok-man bai samu hutu ba, don masu motoci ba su daina ajiyewa ba. Shi ya fara tari. Suka buga waya aka ce gadaje sun cika, su jira a gida, kowa ya keɓe a ɗakinsa. Ɗakin ɗaya ne. Ta dama masa kunun shinkafa, ta goge masa jiki, har ita ma zazzaɓi ya kayar da ita. Motoci biyu suka kwashe su, asibitoci daban.

Ita dai ta tuna ana ɗaura mata abin numfashi. Da ta farfaɗo, itatuwa sun yi fure a waje. Ta tambayi ma'aikaciyar jinya, wadda ido kawai ake gani a cikin farar rigarta, ina mijinta. Yarinyar ta ce bari ta kira likita. Deok-man ya daɗe da rasuwa, kuma an ƙona gawarsa tun a lokacin, yadda dokar annoba ta ce. Ba wanda ya ga fuskarsa. Akwatin toka aka miƙa wa Gi-tae a bakin ƙofa.

Bayan watanni, da ta koma a duba mata huhu, wata likita mai suna Seol ta zaunar da ita.

"Mama, bitamin D na jininki ya yi ƙasa ƙwarai, tun ranar da aka kwantar da ke. Jiki ne ke yin sa in rana ta taɓa fata. Kina fita kuwa?"

"In fita in je ina?"

"Mun lura cewa da yawa cikin waɗanda ciwon ya kayar sosai haka jininsu yake."

Sun-deok ta ce, "To, da Baban Gi-tae yana shan rana, da yana nan?"

"Ban sani ba, Mama. Har yanzu bincike ake yi. Akwai shekaru, akwai ciwon suga, akwai jinkirin samun gado. In na ce miki eh, na yi ƙarya."

Gi-tae bai tsaya jin wannan ba. Da uwar ta ba shi labari a waya, ya riga ya karanta nasa bayanin a intanet.

"Mama, sau nawa na ce ku riƙa fita? Rana fa kyauta ce!"

"Kyauta ce ga wanda ke kwana a hawa na ashirin," in ji ta.

"Ni ba faɗa nake yi ba. Cewa na yi da kun kula da kanku..."

"Da mun kula da kanmu, wa zai kula da kai?"

Ya aiko da kwali cike da kwalaben ƙwayoyin bitamin. Bikin kaka ya zo, bai zo ba. Matarsa tana tsoro saboda yara.

Rumfa ma ta tafi. Numfashinta ba ya kai ta ƙarshen matakala, tsofaffin masu kawo ɗinki kuma sun ji labarin ciwonta sun koma layin gaba. Ta sayar da keken.

Likita ta ce ta riƙa zama a rana kullum. Lungunsu benaye sun tare shi, don haka wata hantsi ta lallaɓa, tana hutawa a kowane hawa, har saman rufin gidan. Ta zauna a kan bokiti, ta naɗe hannun riga, ta miƙa fararen damatsanta. Ɗumin ya ratsa ta, ta tarar da daɗi, abin ya ƙara ba ta haushi.

Uwargida Pyo, mai gidan, ta hau duba barkonon da ta shanya. Ta ja ta tsaya daga nesa, ta gyara takunkumi.

"A'a, Maman Gi-tae, me kike yi a nan?"

"Likita ce ta ce in sha rana."

"Ayya. Sai dai kin ga barkonon nan na ci ne, jikokina ma a nan suke wasa. Kuma hayarku ba ta haɗa da sama ba."

"Na warke tuntuni."

"Haka ake cewa."

Sun-deok ta sauke hannun rigarta, ta mayar da bokitin inda ta ɗauko. Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka. Uwargida Pyo ta jira sai da ta yi nisa, sannan ta ɗauko tsumma ta goge inda ta dafa.