Ranar Jarrabawar Ƙarshe

Ni direban bas ne a wata makarantar 'ya'yan Turawa da manyan gari. Don haka aka ɗauki ɗana kyauta. Karatunsu duk na shiga jami'ar waje ne, takardun jarrabawa ma daga can ake aiko su a rufe. Wanda ya rasa ranar, sai baɗi.

Ran jarrabawar ƙarshe uwarsa ta rasu a unguwarmu Nima, bayan na sauke yaran a makaranta da safe. Liman ya ce da azahar za a kai ta, mu ba ma ajiye gawa. Na koma makaranta. Shugabar ta ce, "Baba, in kira shi? In ya fito, ba ya komawa."

Na leƙa ta taga. Yana rubutu, ya ɗan fito da harshe, kamar yadda uwar take yi in tana ɗinki. Na ce a bar shi. Aka binne ta ba ya nan.

Ya ci jarrabawar, ya tafi waje karatu. Yakan zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Amma in zai je maƙabarta, kawunsa yake nema ya raka shi.