Jifar Da Ta Faɗa Ƙarƙashin Tebur

Yayana ya yi shekara talatin yana zana taswirar filaye a ofishin safiyo, bai taɓa karkatar da layi ɗaya don wani ya ji daɗi ba. Da ya yi ritaya sai ya koma zana ƙasashen da babu su. Duk Asabar da la'asar yakan shimfiɗa taswirarsa a kan dogon teburin ɗakin baya na laburaren unguwarmu, mu zauna wasa. Shi ke jan labarin. Kowannenmu yana da jarumi guda, an rubuta ƙarfinsa da rauninsa a takarda. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci.

Da mu goma sha ɗaya ne. Aure ya kwashi wasu, canjin wurin aiki ya kwashi wasu, muka rage mu huɗu: Yaya, Tela, Malamar Lissafi, da ni da kunyar Yaya ta fara kawo ni. Rannan mai kula da laburare ta ja shi gefe. Ta ce masu koyon kwamfuta na son ɗakin, kuma ƙungiyar da ba ta kai mutum shida ba ba ta da hurumin riƙe shi. Ta ba shi Asabar huɗu.

Bawan Allah nan ya zauna ya rubuta sanarwa da hannunsa, ya manna a shagon aski da tashar mota. Wani ya ce caca ce aka sa wa riga. Wani ya tambaya ko ana samunsa a waya. A ƙarshe wani makanike ya zo, da sauran baƙin mai a farcensa da zumuɗi a fuskarsa. Cikin minti ashirin jaruminsa ya faɗa rami ya mutu. Ya zauna awa biyu yana kallonmu, ya yi godiya, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Laifin na Yaya ne, kuma na gaya masa, raina a ɓace. Wasu masu jan labari sukan yi jifarsu a bayan kwali, in ta yi wa baƙo muni su sassauta. Shi kuwa a faranti yake jefawa, a tsakiyar tebur, kowa na gani. Ya ce in an san ba a mutuwa, tsallake rami ba jarumta ba ce. Taurin kansa sai ka rantse da guduma aka ƙera shi.

Asabar ta uku wata nas ta zo tare da ƙanwarta. Na ƙirga mu sau biyu, shida cif. Nas ɗin ta shiga wasan da gaske, har tana canza murya in jarumarta za ta yi magana. Tana tsakiyar wata gadar igiya dodo ya kai mata sara. Yaya ya jefa wa dodon. Ɗan ludon ya daki bakin faranti ya gangara ƙarƙashin tebur. Yaya ya sunkuya, ya daɗe a can fiye da kima, sannan ya ɗago.

"Uku ne," ya ce. "Ya kuskure ki."

Ta buga tafi. Ni ma na yi ajiyar zuciya.

Bayan baƙin sun tafi muna naɗe taswira, Tela ya tsaya da hularsa a hannu.

"Malam, a gefen takalmina ya tsaya. Ashirin ne, saran da ba a tsira." Bai ɗaga murya ba. "Shekara tara ina wasa da jarumina maharbi. Jifa ɗaya ta kashe shi, na je gida na kasa cin abinci. Ban ce maka uffan ba, don na san gaskiya ce. Ashe ana iya sassautawa, ni ne dai ban kai ba."

Yaya ya ci gaba da naɗe taswirar. A ranar na fara ganin tsufa a fuskarsa, kuma tausayinsa ya kama ni.

Asabar ta ƙarshe nas da ƙanwarta suka riga kowa zuwa, suna ɗokin ganin abin da ke bayan gada. Muka jira Tela har inuwa ta haye tebur. Na buga masa waya, ya ce ɗinki ya yi masa yawa, a gaishe da kowa. Mai kula da laburare ta leƙo tana ƙirga kawuna da ido. Na miƙe zan kira maigadi ya zauna mana ko na minti biyar ne a cike gurbi. Yaya ya riƙe hannuna.

"Zauna. Ƙarya ɗayar da na yi ta ishe ni."

Ya juya ya gaya wa mai kula da laburaren da bakinsa cewa mu biyar ne, ya miƙa mata makulli.

Yanzu duk Asabar yana zaune a ƙofar gida. Tela yakan wuce, ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, amma ba ya zama.