Gas Ba Gero Ba Ne

A shekarar da nake ba da labarinta, firiza ashirin da uku nake da su a Birnin Kudu masu yi mini ƙanƙara, da ɗakin sanyi guda a Gwaram inda nake ajiye kifi. Mutum ɗaya ne tak ya san ciwon kowannensu, shi ne ƙanena, autan Inna. Azumi kuma ya faɗo a tsakiyar bazara, watan da mai ƙanƙara yake neman abincin shekararsa. Ƙanena ma yana da nasa lissafin: shekara tara da gama karatun injiniya, jarrabawar rajistar injiniyoyi da ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, da wani kamfani a Kano mai gina ɗakunan sanyi da ya ce kujera tana jiransa in ya kawo shaidar rajista kafin damina. Jarrabawar kwana goma bayan Sallah za a yi ta. In ya ci, na rasa shi. In na riƙe shi a bakin aiki a watan nan, faɗuwa zai sake yi. Duk mun san haka, amma babu wanda ya furta.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Da lemon kwalba a bokiti na fara a bakin tasha, daga nan na sayi firiza ta hannu guda ɗaya, ita ta haifi sauran. Gyara kuwa a wajen kallo na koya. In mai gyara ya zo, sai in tsuguna kusa da shi har na iya zuba wa firiza gas ɗin da ke sa ta sanyi da kaina. Yadda muke yi, ka buɗe tukunyar gas kana taɓa bututun da ke komawa kwamfaresa, wato zuciyar injin, in ya yi sanyi ya fara farin raɓa sai a ce ta ƙoshi. Ni kuma sai in ƙara sakin kaɗan a kai. A gidan masu awon hatsi na tashi, mahaifinmu bai taɓa miƙa wa mutum mudu shafe ba, sai ya yi masa tozo. Ni ma ban iya ba wa ko da inji abu daidai wa daida ba, gani nake rowa ce.

Da ƙanena ya dawo daga jami'a ya rasa aiki, na jawo shi shago. A watannin farko yakan ce, "Yaya, akwai adadin da aka rubuta a jikin kowane inji." In ce masa, "Injiniya, wanda ya rubuta bai taɓa shan ranar Gwaram ba." Mutanen shago su yi dariya. A hankali ya daina faɗa. Yaro ne mai kunya, kuma a ƙarƙashina yake ci. Ya zama gwani a irin aikinmu, daga ƙarar firiza yake gane abin da ke damunta, littattafansa kuwa suka koma cikin kwali.

Saura mako guda a ga wata Inna ta aiko a kira ni Farin Dutse, inda take zaune a gidan mahaifinmu. Na same ta tana tsince wake. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Ka ba ni aron ɗana wata guda."

"Inna, a azumi? Ki bari a sha ruwan Sallah, ko wata uku ne ya tafi."

"Bayan Sallah ai an gama rabon. Kai ka taɓa ganin an yi shuka ranar girbi?"

Na ce firiza ba ta san jarrabawa ba. Ta ce ita ma jarrabawa ba ta san firiza ba, kuma ita firiza ba ita ta haifa ba. Na dawo gida ina huci, amma na san gaskiya ta faɗa. Zan kuma faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: faɗuwarsa ta farko ba ta ɓata mini rai yadda ya kamata ba. Na yi masa jaje da baki, cikina kuwa ajiyar zuciya na yi. Wannan abin ne ya dame ni, shi ya sa washegari na karɓe jakar kayan aikinsa na ce kada in ƙara ganinsa a shago sai da sakamako.

Ya koma ɗakin zaure a Farin Dutse, ya baje takardu a tabarma. Jarrabawar, yadda ya bayyana mini, hawa uku ce: akwai ta rubutu, akwai rahoton wani aiki da mutum ya yi da hannunsa, sannan a zaunar da shi gaban manyan injiniyoyi su yi ta yi masa tambaya. Ya roƙe ni ya rubuta rahoton a kan ɗakin sanyina na Gwaram. Na yarda, don a zatona yabo za a sha.

Duk ranar da na biya sai in tarar da shi da wata takarda mai layuka a karkace kamar saƙar gizo, wadda ya ce da ita ake gane ɗumin iska da laimarta. Yana lissafa zafin da ke ratsa bango, da wanda kifi ke shigowa da shi, har da na ƙwan fitila da na jikin mutumin da ya shiga ɗauko kwali. Ban taɓa sanin mutum ma murhu ne ba sai a bakinsa. Ya rame, leɓensa ya bushe, ga azumi ga lissafin da ya bari shekara tara. Wata rana na same shi ya dafe kai, tambaya ɗaya ta cinye masa tun hantsi har azahar. Ya ce, "Yaya, hannuna ya san amsar, kaina ne ya ƙi." Na ce ya tashi ya watsa ruwa.

Ranar goma ga azumi ya je Gwaram da littafi, ya sami benci ya zauna daura da ƙofar ɗakin sanyi daga safe har la'asar, ba abin da yake yi sai jan layi duk lokacin da aka buɗe ta. Dattijon da ke kula mini da wurin ya kira ni a waya.

"Alhaji, ƙanen nan naka lafiya kuwa? Ya zauna yana ƙirga ni kamar mai kiwon awaki."

Abin da ƙirgar ta tono shi ne, da an idar da azahar, dattijon yakan tura ƙofar ya bar ta a buɗe, shi da tela da wanzamin layin su jera kujeru a bakinta suna shan sanyi har rana ta yi sauƙi. Ƙanena ya gaya mini. Na yi dariya na ce a bar bayin Allah, azumi ake yi, sanyi kuma ba ƙarewa zai yi ba. Ya rufe littafinsa ya koma Farin Dutse.

Ranar sha tara ga wata dattijon ya kira ya ce kifin sama ya fara laushi. Na riga na bar wa Inna ɗanta, don haka na ɗauki tukunyar gas da kaina na tafi. Na taɓa bututu na ji sanyin bai kai yadda nake so ba, na ce injin yunwa yake ji. Na zuba har bututun ya yi fari tas zuwa gindin kwamfaresa, sannan na yi masa tozon da na saba. Janareta ya canza murya, na ce ƙarfi ne ya zo. Kafin in kai mota na ji wata ƙara kamar ana dukan turmi da taɓaryar ƙarfe. Sau biyar ko shida, sai shiru.

Na daɗe a tsaye a rana. A cikin ɗakin akwai kifin da matan Gwaram da Dingaya masu suya suke jira na Sallah. Mai gyaran da na yarda da shi bayan ƙanena yana Kano, ya ce sai jibi. Na juya mota na nufi Farin Dutse.

Inna tana zaure da carbi. Ta dube ni, ta dubi baƙin mai a rigata.

"Aron bai cika ba," in ji ta.

"Na sani, Inna."

Ƙanena kuwa bai tambaye ni komai ba, ya rufe littafi ya sa takalmi. A hanya ne ya ce, "Ka zuba?" Na ce na zuba. "Da ƙari?" Na ce da ƙari. Ya juya yana kallon gonaki.

Kwana biyu aikin ya ci. Muka kwashe abin da za a iya ceta zuwa firizojin Birnin Kudu, wanda hakan ya sa na tsayar da yin ƙanƙara a rabinsu. Ya sauke kwamfaresar ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini wani ɗan faifan ƙarfe da ya tsage biyu. Muka ɗora wata da nake ajiye da ita. Da aka zo zuba gas, sai ya ce dattijo ya kawo sikelin da muke auna kifi. Ya ɗora tukunyar a kai, ya goge allon da ke jikin injin da yatsa ya karanta adadin, ya buɗe yana kallon sikeli. Da lambar ta kai, ya rufe.

Na taɓa bututu. Sanyi ne kawai da ɗan gumi, babu fari.

"Bai ƙoshi ba. Ɗan saki kaɗan."

"A'a."

Shekara tara ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba. Tela da wanzami suna tsaye, dattijo ya sunkuyar da kai.

"Injiniya, injin nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Yaya. Amma gas ba gero ba ne. Aikinsa ya shiga ciki yana ruwa, ya sha zafin kifi, ya dawo yana tururi. In ya yi yawa ba ya gama zama tururi, sai ya dawo wa kwamfaresa yana ruwa. Ita kuma tururi aka yi ta ta matsa. Farin da kake so ka gani, alamar ruwan ce tana tahowa. Jiya ba yunwa yake ji ba, ƙofa ce a buɗe."

Wanzami ya ce, "To fa, yau mun shiga rahoto." Babu wanda ya yi dariya sai tela, shi ma ya haɗiye.

Ƙanena ya ci gaba yana naɗe tiyo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka san abin da ya kayar da ni wancan karon? Wani dattijon injiniya ya tambaye ni yadda zan san gas ya isa. Na ce in bututu ya yi fari, sai a ɗan ƙara saboda zafin garinmu. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, 'Wa ya koya maka?' Na ce aiki ne. Ban ce kai ne ba."

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na tuna kwamfaresa nawa na binne a shekarun nan ina zagin masu kawo kayan hannu, ina cewa ruɓaɓɓu suke turo mana. Ban ba shi haƙuri a gaban mutane ba, ba zan yi ƙarya ba. Cewa na yi dattijo ya rufe ƙofar nan, kuma daga yau duk mai son sanyi ya zo in ba shi ƙanƙara kyauta ya sa a wuya. Kafin la'asar ma'aunin ɗakin ya sauka inda bai taɓa kaiwa ba, janareta kuma yana tafiya lafiya lau.

Da zan mayar da shi ya ce, "Yaya, zan sa wannan a rahoto. Ba zan sa suna ba." Na ce ya sa, har faifan da ya tsage ya ɗauki hotonsa. Sauran kwanakin ban sake nemansa ba. Firiza biyu suka tsaya a goman ƙarshe, na bar su a tsaye.

Ranar da zai tafi jarrabawa ni na kai shi tasha. Bayan kwana uku ya dawo ya ce ta rubutun ta yi tsauri, tambaya guda bai ma taɓa ta ba. A ta baki kuwa, wai sun fi rabin lokacin a kan faifan nan da ƙirgar ƙofa, har ɗayansu ya tambaya ko mai ɗakin ya yarda a ƙarshe. Ya ce musu ya yarda. Sakamako ya fito ana gab da shuka. Ya ci. Sati biyu bayan nan ya kwashe iyalinsa ya koma Kano.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na kifin nan ya lalace, na haƙa rami na binne. Ƙanƙarar goman ƙarshe, wadda ita ce romon watan, rabinta na samu. Mata biyu masu suya sun koma sayen kifi wajen wani, har yau ba su dawo ba. Babbar asarar ita ce ƙanena, don na gwada masu gyara uku a bayansa, babu wanda ke jin ciwon firiza daga ƙararta. Abin da na samu shi ne, daga wancan azumi zuwa yau kwamfaresa ɗaya ce ta mutu mini, ita ma wutar lantarki ce ta ƙone ta. Kuma in ya zo gida ya yi magana a kan inji, shiru nake yi in saurara. In aka ce in zaɓa, a dawo mini da kifin da ƙanena a bakin shago yana ce mini to, ba zan karɓa ba.