Geron Irin Baffa Badaru

Na daɗe ina shakkar ko wannan labari ya isa a rubuta. A ƙasar da na yi karatu na halarci taruka da dama, kuma a ganina taro magana ce kawai: wane ya faɗa, wane ya mayar masa. Ban taɓa tambayar wanda ya jera kujeru ko ya kawo ruwa ba. Sai da na dawo ƙauyenmu, arewa da Ɗanbatta, na ji tsofaffi suna kiran wata shekarar fari da "shekarar taron Badaru". Badaru kuwa ba dagaci ba ne, ba malami ba. Ƙanin mahaifina ne.

Manomi ne mai gona ɗaya, a yankin da gonaki suke haɗe kafaɗa da kafaɗa. Amma in za a yi suna ko biki ko sadakar bakwai, shi ake nema. Ya san gidan da ake aron tabarma, ya san mai babbar randa, ya san inda za a ɗaure jakunan baƙi don kada su shiga shingen wani.

A ranin da ya biyo bayan fari na biyu a jere, wata ƙungiya daga birni ta aiko cewa za ta zo ta gana da magidantan ƙauyukan kewaye a kan wani iri mai nuna da wuri. Sun ce hatsin ciyar da mahalarta yana wuyansu. Dagaci ya danƙa wa Baffa shirin. Ya kafa rumfa da zana a gindin tsamiya, ya bi gida gida yana aron tabarmi da butoci. Rijiya ta ja baya, don haka tun kafin ranar ya sa aka riƙa tara ruwa kaɗan kaɗan har randuna suka cika. Sannan ya je wajen Tasi'u mai shela.

"Magidanta kawai za ka ce, Tasi'u. Kada ka sa gishiri."

"Haba, sarkin tabarma! Shela ba gishiri ai gaisuwar mutuwa ce."

"Na dai faɗa maka."

Ranar kasuwa Tasi'u ya yi shelarsa, ya ƙare da abin da ya saba ƙarewa da shi a kowace gayyata: "Kuma akwai abin taɓawa!" A shekarar ƙoshi ba wanda zai kula.

Ranar taron, tun da hantsi mutane suka fara ɓullowa ta hanyoyin gona. Magidanta sun zo, amma har da tsofaffi masu dogara sanda, da mata da goyo, kowa da ƙoƙo a hammata. Rumfa ta cika, inuwar tsamiya ta cika. Wajen azahar motar baƙi ta iso da lasifika da takardu. Baffa ya leƙa bayanta, babu buhu ko ɗaya. Suka ce hatsin yana tafe a wata motar.

A wajenmu wanda ka kira baƙonka ne, ko da bakin wani ka kira shi, kuma ba ya tashi bai sa komai a baki ba. Sunan da Tasi'u ya ambata a kasuwa na Badaru ne. Baffa ya tsaya bakin hanya yana duban kudu har inuwa ta karkata. Daga nan ya shiga gida.

Abin da ya rage a rumbunsa dammunan iri ne, zangarniyar da ya zaɓa da hannunsa daga ɗan abin da fari ya bari. Matarsa, Inna Safara'u, ta gan shi yana jingina tsani. Ita ce ta ba ni wannan ɓangaren.

"Malam, wannan fa iri ne."

"Na sani."

"To me za mu zuba a rami in ruwa ya sauka?"

"Ba kin ji abin da ya kawo su ba? Iri za su raba."

"Kamar yadda suka kawo hatsin?"

Ya hau tsanin. Ya bar dami ɗaya, ya sauko da sauran. Ta ce ta tsaya tana kallon geron a ƙasa, sannan ta ɗaura ɗamara ta kira matan maƙwabta. Aka yi sussuka, aka daka, aka dama kunu tsararo don ya kai ga kowa. Ya kai. Ita ba ta sha ba.

Motar hatsi ba ta zo ba. Irin da aka yi alkawari ya iso ne bayan damina ta yi nisa.

Da ruwan farko ya sauka, Baffa ya shuka daminsa ɗaya, da ɗan abin da maƙwabta suka tsakuro masa. Shuka ta fito, sai ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Masu sauran iri suka sake shuka. Shi ya zagaya, amma kowa ya riga ya karkaɗe nasa. Gonarsa ta zauna fili a tsakiyar gonaki kore, ana hango ta daga hanya. Kafin kaka ya bar ta a hannun wani, ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau neman abin da za su ci. Gonar ba ta dawo hannunsa ba.

A can na same shi, ya tsufa, yana zaune a bakin wani sito yana ɗinke buhunan gero da basilla. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Tasi'u, na ce ya rasu. Ya yi masa addu'a, ya ce bakinsa ne kawai, amma ba shi da mugunta.

Na ce, "Baffa, ni ba wanda ya iya faɗa mini. Me aka tattauna a taron nan?"

Ya ja zare ya ƙulle bakin buhun.

"Wallahi ɗana, ban sani ba. Ina bayan danga wajen tukwane, ina miƙa ƙoƙo. Lasifikar ma gabas ta fuskanta."