Nurul Absar da Tarwadar Rami

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, goma sha biyu ga Yuli, aka fito da gawarka daga ramin ruwa na sitonmu a kasuwar Khatunganj da ke kusa da teku, Nurul Absar. Alhaji Firdausu, mai ginin, ya ce ciwon zuciya ne. Ni ɗan kasuwa ne: ko barkono aka kawo mini, sai na zura hannu har gindin buhu.

Tun da ka kama kula da injin jan ruwa, teku ba ta ciko ta jiƙa mana kaya ba. Injinka mai doguwar ƙafa ne, kansa a sama, bakinsa kaɗai ke cikin ruwa. Kakan ce, "Jashim, injin da ba na ganin idonsa, ba na aminta da shi." Damina nawa ka kwashe mini buhunan kurkum ina can ina ciniki, ladanka kofin shayi da goron tauna kawai?

Mun sha yi maka dariya kan tarwadar da kake kiwo a ramin. Muna cewa, "Kawu, ina amarya?" Ka ce, "Ta fi ku amana. In wutar lantarki ta shiga ruwa, ita za ta fara faɗa mini."

Ranar Litinin Alhaji ya kawo inji mai nutso, wanda aka kwance daga mataccen jirgin ruwa, an shafe shi da sabon fenti. Ka murza wayarsa, ka ce ta tsufa. Ya ce, "Malam, kai ma ka tsufa, ba mu jefar da kai ba." Aka tsunduma injin gaba ɗaya cikin ramin. Ranar Laraba ruwa ya ciko baƙi ƙirin, ba a ganin komai, ana ta kiranka ka sauka ramin, ka kuwa sauka.

Bayan jana'iza na leƙa ramin. Tarwada na yawo a saman ruwa matacciya, cikinta fari fes. Ban yi karatun likita ba, amma ban taɓa jin ciwon zuciyar mutum ya kashe kifi ba.

Jiya wajen zaman makoki na ga Alhaji yana dafa kafaɗar ɗanka Murshid, yana cewa wai aikin uba na ɗa ne, ya fara ranar Asabar. Murshid, injin nan yana ramin har yanzu. Kada ka sa ƙafa sai an ciro shi a gabanka.

Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba matarka Inna Rukayya da yara haƙuri. Abin da ruwa ya ɓoye kuwa, Allah ya gani.