Tirelar da Muka Ajiye a Bayan Gida

Hajiya, mahaifiyata, ta zo mana birnin Greensboro ne, nan ƙasar Turawa, don a duba mata ido, da niyyar ta yi wata uku ta koma Kano. Ba ta cika wata biyu ba annoba ta shigo, aka rufe filayen jirgi. Shekarunta sun haura saba'in, ga ciwon suga, ga hawan jini.

Mu biyu ne a gidan kafin zuwanta, ni da maigidana, don yaran sun girma sun kama gabansu. Muna zaune a Pleasant Garden, kudu da gari, inda gidaje ke nesa da juna, kowa da filinsa. Maigidana yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Shi yake yi musu wanka, ya juya su a gado, ya ba su abinci a baki. A mako guda cutar ta kashe musu mutum huɗu.

Ranar da na huɗun ya mutu, da ya dawo bai shigo ba. Ya tsaya a gareji ya kira ni a waya, alhali bango ɗaya ne a tsakaninmu.

"Maman yara, ba zan ƙara kwana a gidan nan ba sai abin nan ya wuce."

"To ina za ka?"

"Tirela zan saya. Irin wadda ake kwana a ciki."

Na sha ganinsu a hanya, Turawa na jan su a bayan mota idan za su hutu bakin teku ko kan duwatsu. Ban taɓa zaton za a ajiye ɗaya a gidana ba. Kwana biyu ya yi a kan tabarma a gareji, a na uku kamfanin da ya sayar masa ya jawo ta da motarsu, tunda tamu ba ta da ƙugiyar ja. Sabuwa fil, fara, ko ledar katifar ba a cire ba. Da gado, da murhu, da wani ɗan banɗaki wanda sai ka karkace kafin ka shiga.

Na ɗauka shi ke nan, sai ya kwashi kayansa ya tare. Direban ya yi dariya ya miƙa masa takarda mai shafi biyu. Ashe abin da muka saya ɗaki ne kawai. Duk abin da zai sa mutum ya iya zama a ciki sai an nemo shi daban.

Ina da takardar har yau. Waigi huɗu na tokare tayoyi. Tubalan roba da ake sa wa a ƙarƙashi don ta zauna daidai, in ba haka ba firij ɗin ba zai yi sanyi ba. Farar mesa ta ruwan sha, don ta ban ruwan lambu ba ta yi. Matatar ruwa. Wata mesa mai kauri mai murɗe-murɗe ta zubar da ƙazantar banɗaki, da safar hannu ta musamman dominta, da maganin da ake zubawa a tanki saboda wari. Har tishu ma nata daban ne, mai saurin narkewa. Tukunyar gas biyu. Abin kashe gobara. Sai adafta, domin filoginta ba ya shiga soket ɗin gida, da wayar wuta mai kauri kamar igiyar rijiya.

Ya hau titin Wendover ya bi manyan kantunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da but ɗin mota cike. Wayar mai kauri ce kaɗai bai samu ba. Ya ce ba komai, akwai doguwar waya a gareji wadda muke jona injin aske ciyawa da ita. Ni kuma na ƙara masa abin da babu a takardar: buta, darduma, fulas na shayi da bargo biyu.

Hajiya tana kallon duk wannan ta tagar kicin. Mace ce mai kunyar suruki, ko cin abinci ba ta yi a gabansa.

"'Yar nan," ta ce, "ni ce zan kori mutum daga gidansa? Ku sa ni a akwatin, shi ya dawo ɗakinsa."

"Hajiya, matakalar ma ba za ki iya hawa ba."

"To ku mayar da ni Kano."

"Babu jirgi."

Ta koma kan carbinta. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Haka muka zauna kusan mako uku. Ina kai abinci in ajiye a matakala, in ja da baya taku goma, sannan ya buɗe. Shi yake wanke kwanukansa, ya zuba su a bokitin ruwan bilic kafin in taɓa. Da safe yakan tsaya a tsakiyar ciyawa ya rusuna ya gaida Hajiya ta taga, ita kuma ta ɗaga hannu ta kau da kai. Wurin sallarsa tsakanin gado da murhu ne, idan ya yi sujada ƙafarsa na taɓa ƙofar banɗaki. Duk Lahadi sai ya sa safar nan ya ja mesar ƙazanta zuwa bakin ramin masai na gidan, ina hango shi yana toshe hanci da kafaɗa. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Wata safiyar Asabar aka tashi da sanyi, ya kunna hita kafin ya yi wanka. Ina soya ƙosai na ji warin roba. Da na leƙa, wayar injin ciyawar ta narke a bakin soket, bangon ya yi baƙi. Allah ya kiyaye ba ta kama ba. Amma tirelar ta zama ba wuta, shi kuma zai yi aiki ne har dare, don rabin abokan aikinsa suna kwance.

"Bari sai gobe in nemo wayar mai kaurin da kaina," ya ce.

"Ka kwana a sanyin nan ba wuta? Zan je."

"Kada ki je. Wata guda ke nan ba ki fita ba."

Na bari ya tafi, na ɗauki mukulli.

Kanti biyu na farko babu. Na ukun cike yake da mutane, kamar ba a san abin da ake ciki ba, kuma da yawansu fuska a buɗe. Na samu wani ma'aikaci, dattijon Bature, na yi masa bayani. Ya karkato kunne ya ce bai ji ba. Na maimaita, ya girgiza kai. Shekara ashirin ina magana da mutanen garin nan, na saba da wannan girgiza kan. Sai na janye takunkumina zuwa haɓa na faɗa masa a hankali. Ya gane, ya raka ni har wurin, ya tsaya yana nuna mini bambancin wayoyin, kansa kusa da nawa. Mutumin kirki ne. Sai da na iso layin biya na tuna ban mayar da takunkumin ba.

Bayan kwana biyar na fara atishawa. Lokacin furen bishiyoyi ne, garin fure mai launin rawaya ya rufe motoci, kowa na atishawa, sai na ce shi ne. Na ci gaba da dafa wa Hajiya abinci, ina yi mata allurar suga, ina ɗiga mata maganin ido fuskata dab da tata. Ranar da na sa daddawa a miya ban ji ƙamshinta ba, na zauna a ƙasan kicin, na san ba garin fure ba ne.

Gwaji ya nuna ina da ita. Hajiya ma haka. Maigidana, wanda kullum hannunsa ke jikin masu cutar, ba shi da komai.

Ranar ya bar tirelar ya dawo cikin gida, da takunkumi biyu da rigar leda ta wurin aiki. Ina kwance da zazzaɓi, shi yake jinyar mu biyu. Hajiya ta ƙi yarda ya taɓa ta sai da ta kasa tashi zaune da kanta. Ina jin muryarsa ta bango.

"Hajiya, ki ɗauke ni ɗanki. Ki dafa kafaɗata."

"Allah ya yi maka albarka. Na wahalar da kai."

A rana ta shida numfashinta ya yi ƙasa, ya kira motar asibiti. Ba su bari na bi ba. Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da bango, tana kan gadon turawa tana neman mayafinta da hannu. Kwana tara ta yi a can, cikin mutanen da ba su jin yarenta, ita ma ba ta jin nasu. Wata nas takan riƙe mata waya da la'asar in yi mata magana. A kwanakin ƙarshe ba ta amsawa, sai dai in yi ta maimaita mata kalmar shahada har nas ɗin ta ce za ta duba wani.

Ba a bar ni na yi mata wanka ba. Maza kaɗan ne suka sallace ta, kowa nesa da ɗan'uwansa, aka rufe ta a ɓangaren Musulmi na maƙabarta.

Bayan sadakar uku na gaya wa maigidana zancen takunkumin.

"Ni ne na ce wayar gareji za ta yi," ya ce.

Daga nan ba mu sake tayar da maganar ba.

Tirelar ba ta daɗe a wurinmu ba. Akwai wata abokiyar aikinsa 'yar Filato mai jariri da miji mai asma, sai muka ce ta ɗauka. Mutanen cocinsu suka zo da mota mai ƙugiya. Na haɗa mata mesar, da tubalan, da sauran kayan a kwali, na tsaya na nuna mata yadda ake kowanne.

Babban yayana a Kano ya kira ni bayan arba'in. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyya, sannan ya ce, "Wai a ina ta ɗauka ne, ita da ko ƙofar gida ba ta fita?"

Na ce, "A wurina, Yaya."

Ya ce kwana ne ya ƙare, kada in sa wa raina komai. Ya tambaya ko an sa alama a kabarin, don yana so in an buɗe hanya ya nemi biza ya zo ya gani. Sau biyu ya nema ba su ba shi ba. Maigidana ne yake zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ya ɗauki hoto ya tura masa.